Fuskar da Aka Aika wa Mahaifina

Shekarun baya, baya sosai, lokacin da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, ina 'yar lakol, wato makarantar boko, a Gazawa. Ni ce irin yarinyar nan da ko ta san amsa sai ta sunkuyar da kai ta hau kallon yatsun ƙafarta. Bakina a rufe yake, ido ne dai ba ya hutawa. Na san yaron da takalminsa ɗaya ya fi ɗaya tsufa. Na san ranar da darektan lakol ya fito gida da fushi daga yadda yake karya alli. Wannan hali bai tsinana mini komai ba a labarin da zan ba ku, illa ya sa na ga abin da aka yi mini filla-filla. Shi ya sa har yau, da furfurata, idan na tuna sai in ji wuyana ya ɗauki zafi.

Mahaifina sojan Faransa ne. Ya tafi ina tatata, aka yi ta yawo da su har aka kai su Aljeriya. Ban san fuskarsa ba, shi ma bai san tawa ba. Ni ce ɗiyarsa ta fari, kuma a lokacin ni kaɗai ce. Wanda ya tashi wajenmu ya san ɗan fari kunyarsa ake ji. Mahaifiyata kuwa, da yake danginta makiyaya ne daga wajen Gangara, sai ta ɗauki kunyar nan ta ninka ta. Ba ta taɓa faɗin sunana ba. "Ke" take ce mini, ko "yarinyar nan". Idan baƙi suka ce na girma, sai ta juya baya ta shiga gyaran murhu. Sai kowa ya watse sannan ta tura mini ƙanzon da ta ɓoye, ba tare da ta dube ni ba.

A wannan shekarar wani abokin mahaifina ya zo hutu. Ya tsaya ƙofar gidanmu ya yi sallama, yaran unguwa sun kewaye shi suna taɓa maɓallan rigarsa, ni ma ina cikinsu can baya. Ya ce wa mahaifiyata, "Ya ce in gaishe ku, in kuma duba ko yara sun girma."

Yara. Ni kaɗai ce, amma yara ya ce, don shi ma kunyar ta bi shi har Aljeriya. Mahaifiyata ta ce lafiya lau suke. Ba ta nuna ni ba, baƙon kuma bai tambaya ba.

Ana cikin haka darekta ya sanar cewa mai hoto zai zo daga Maraɗi ya ɗauki lakol duka tare da sabuwar tuta. Da na faɗa a gida, mahaifiyata ta aika wa kawuna cewa ya sa a ajiye mana guda ɗaya. Ba ta faɗi dalili ba. Ni ma ban tambaya ba, amma mu biyun mun san sojan nan zai koma kafin kaka, kuma mun san hannun da hoton zai faɗa.

Ana gobe za a yi, ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta yi mini kitson da ya hana ni juya wuya. Ta sa mini kwalli. Da safe ta kwance wani tsumma ta fito da 'yan kunnenta na azurfa, waɗanda ko ranar salla ba ta sawa, ta saka mini da hannunta. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ki tsaya inda za a gan ki."

Ranar layinmu ne da shara, don haka na riga kowa zuwa. Na tarar mai hoton har ya sauke kayansa a tsakar lakol. Gajere ne, bakinsa ja da goro, yana ta tsokanar tsohon da ke gadin lakol.

"Tsoho, matsa daga nan, kada akwatina shi gan ka shi ƙi aiki."

"Kai dai ɗan Maraɗi, in ya ƙi aiki ka ce yunwar mai shi ce ta kama shi."

Na riƙe tsintsiya ina share wuri ɗaya, ina kallo. Ya kafa ƙafafu uku na katako, ya ɗora akwatin, ya buɗe shi. Ashe ba akwati ba ne sosai. Katakai biyu ne a tsaye, na gaba mai idon gilashi, na baya mai wani gilashi dishi-dishi, tsakaninsu baƙar fata mai ninki-ninki kamar zugazugin maƙeri. Kowane katako da kusoshin tagulla a gefensa da ake murzawa. Ya ciro zare mai ƙulli daga aljihu, ya auna daga kusurwar katakon gaba zuwa ta na baya a wannan gefe, ya zagaya ya auna a wancan. Ya yi tsaki, ya sassauta kusa, ya ɗan taɓa katakon da ɗan yatsa, ya sake aunawa. Ya auna sama, ya auna ƙasa. Ya lulluɓa da baƙin ƙyalle ya daɗe, ya fito yana gumi, ya sake komawa kan zarensa.

Tsohon ya ce, "Wai mi kake ta awo kamar mai ɗinkin likkafani?"

"Hanya ce ta girgiza su, Baba. Katakan ga biyu dole su fuskanci juna sak, kamar mutum biyu da akushi a tsakiya. In ɗaya ya kauda kai ko da faɗin farce ne, to wani gefen hoton ya shiga hazo. Sai ka ga mutum ka rasa hancinai."

"To ni ka bar nawa hancin inda Allah ya aje shi."

Na ji daɗin mutumin nan a raina. Na ce wanda ya tsaya wa aikinsa haka ba zai ɓatar da ni ba.

Da hantsi aka jera mu gaban sabon ginin siminti, wanda shi kaɗai ne ba na zana ba a lakol ɗin. Darekta ya fito da farin kwat, aka ajiye masa kujera a tsakiya. 'Yan maza suka tsaya bayansa da gefensa. Mu 'yan mata ba mu da yawa, aka shimfiɗa mana tabarma a ƙarshen layi. Guda ɗaya ce aka ware, ƙawata, ɗiyar ƙanwar darekta, wadda ke zaune gidansa. Ita aka zaunar gaban ƙafafunsa riƙe da ƙaramin allo mai sunan lakol.

Har mai hoto ya shiga ƙyallensa sai darekta ya ɗaga hannu. Da yake mutumin ba ya jin Faransanci, da Hausa ya yi masa magana.

"Tutar fa? Tana fitowa?"

Sandar tutar tana can nesa, ta ɗaya gefen, kusa da rumfunan zana. Mai hoto ya ce za a gan ta, amma ba sarai ba. In ana son ta sarai, a tashi a koma gindinta.

"In koma gaban zana? Hoton ga Yamai za shi, buro-buron gwamnati za a rataya shi. Ina son gini, ina son tuta har ranar da ke tsakiyarta ta fito, ina son a ga darekta."

Mai hoto ya sosa ƙeya, ya kira shi da Mushe, yadda muke kiran malaman lakol da Faransanci. Ya ce, "Ana iya yi, Mushe. A jera samarin a karkace, daga kujerarka su yi baya-baya har gindin tuta. Ni kuma in karkata katakon gaba, tsabtar hoton ta bi layin nan. Sai dai abin da aka ƙara wa wancan gefe, daga wanga aka ɗebo shi. Layin zai wuce ta gaban 'yan matan ga, su kuma su zauna cikin hazo. Amma da sauƙi. A jawo tabarmarsu gaba kaɗan, su shiga layi."

"Gaba? Su zauna gaban darekta? Ina aka taɓa yi?"

"To fuskokinsu ba za su fito ba."

Darekta ya juyo ya dube mu. Ina iya rantsuwa bai ga ko ɗaya daga cikinmu ba. Ya ce, "Yi aikinka, malam. Za a dai ga akwai 'yan mata a lakol. Abin da Yamai ke son gani ke nan."

Ina kallo mai hoton ya kai hannu kan kusar da ya ɓata safiya yana daidaitawa, ya sassauta ta. Katakon gaba ya juya kaɗan. Ninkin fatar da ke gefenmu ya matse, na wancan gefe ya buɗe. Abin takaici, idon gilashin wajenmu ya ɗan juyo, kamar mu yake kallo, alhali a lokacin ne yake zubar da mu. Sauran 'yan matan suka gyara zama suna murmushi. Ni kaɗai na san abin da ya faru, don ni kaɗai na ga awon safe.

Na fara jan gindi a hankali zuwa bakin tabarma. Na sauka kan ƙasa. Na ƙara matsawa.

"Ke! Koma wurinki."

Ban san inda na samo muryar ba. Na ce, "Mushe, ya karkace."

Yara suka fashe da dariya, don wasunsu ba su taɓa jin na yi magana ba. Darekta ya ce in koma, in kuma an gama in je in karɓi sambol. Sambol wani ƙashin jaki ne da ake rataya wa duk yaron da ya yi Hausa a lakol. Mutumin da ya gama zuba Hausa yanzun nan gaban kowa, shi ya sa aka rataya mini ƙashi saboda kalma uku. Na koma kan tabarma. Mai hoto bai dubi wajenmu ba. Ya ce kowa ya tsaya cik, ya cire murfin idon, ya mayar. Shi ke nan.

Da hoton ya iso, kawuna ya kawo shi gida. Kyakkyawan hoto ne, ba zan yi ƙarya ba. Ana iya ƙirga maɓallan kwat ɗin darekta. Tuta ta fito da ranarta. Ƙawata ta fito har wushiryarta. A ƙarshen layi kuwa wasu inuwoyi ne kamar an shafa gawayi da jiƙaƙƙen hannu. Na gane kaina ne da ɗigo biyu masu haske inda 'yan kunnen suke. Mahaifiyata ta riƙe hoton ta nisanta shi, ta matso da shi, ta fita da shi rana. Ta dawo ciki. Ta naɗe shi a tsumma tare da ƙullin yaji da dakuwa.

Ina lakol ranar da sojan ya zo karɓar saƙo. Daga baya kawuna ya ba ni labarin yadda aka yi. Mutumin ya buɗe hoton ya ce, "Wacce ce tamu a ciki?" Mahaifiyata ta ja mayafi ta rufe baki ta ce, "Tana ciki." Ya jira, ba ta ƙara ba. Ya yi dariya ya ce ai jini ba ya ɓuya, uba zai gane abinsa. Kawuna yana tsaye a wurin, shi ma bai ga abin magana ba.

Damina biyu suka wuce kafin a sallami mahaifina. Ranar da ya iso muna aji. Da aka tashi, wani yaro ya tarye ni da gudu ya ce babanki ya zo. Na tsaya bakin aji ban tafi ba. Ƙawata ce ta kama hannuna ta ce, "Mu je in raka ki, matsoraciya."

Zauren gidanmu cike da maza. A tsakiya wani dogon mutum ne siriri, wuyansa duk jijiya, yana riƙe da kwanon ruwa. Muka durƙusa bakin ƙofa. Ya ɗago kai. Na ga fuskarsa ta buɗe gaba ɗaya, irin buɗewar da ban taɓa gani a fuskar babba ba. Sai dai idonsa ba a kaina yake ba. Ta kafaɗata ya wuce.

Da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, yana da hanyar kira ba tare da ya faɗi suna ba. Ya ajiye kwanon, ya jawo jakarsa, ya fito da wasu jajayen takalma, ya miƙa wa ƙawata.

"Zo, Uwata. Har wushiryar tana nan."

Ƙawata ta dube ni, ta ɓoye hannayenta a baya. Kawuna ya yi gyaran murya ya ce, "Yaya, ba ita ba ce. Ga taka nan gabanka."

"A'a," in ji mahaifina. "Ai ina da hoto."

Ya ciro shi daga aljihun ƙirji. Ya yi laushi kamar tsumma, kusurwoyinsa sun cinye. Daga inda nake durƙushe na ga wurin da ƙawata take ya koɗe, ya yi fari-fari saboda shafar babban yatsa. Gefen da nake kuwa yana nan sabo. Ba a taɓa taɓa shi ba.

Ya ce, a hankali, kamar mai ba da haƙuri ga zauren, "Na ga ita kaɗai ta fito. Na ce don ita aka aiko shi."

Na tashi na shige cikin gida da gudu. Mahaifiyata tana daka, tana yi kamar ba ta san an yi baƙo ba. Ni da ban taɓa ɗaga mata murya ba, na tsaya gaban turmin na ce, "Inna, mi ya hana ki nuna ni? Yatsa guda fa! Ki ɗora yatsa ki ce wagga ce!"

Ta tsai da taɓarya. "Ke, kin taɓa jin an nuna ɗan fari?"

"To ga shi nan, an nuna mishi ta wani!"

Na rufe ido ina jiran mari. Bai zo ba. Da na buɗe, ta zauna kan ƙasa kusa da turmin, kaji na tsattsagar hatsin da ya zube ba ta kore su ba.

Washegari mahaifina ya sa kakinsa. Ya kama wuyan hannuna, wannan ne karo na farko da ya taɓa ni, muka nufi lakol. Bai yi sallama ba ya shiga aji. Ya ajiye hoton kan teburin darekta.

"Mushe, ga ɗiyarka. Na riƙe maka ita damina biyu. Na yi mata addu'a cikin rami harsashi na wucewa bisa kaina. Ina tawa?"

Kuna tsammanin darekta ya ji kunya? Ko kaɗan. Ya ɗauki hoton da yatsu biyu ya duba, ya ajiye. Ya ce, "Saje, wannan hoton lakol ne, ba na gidanka ba. Ba ni na ce a aika maka ba." Ya juya ya ci gaba da rubutu a allo.

Mahaifina ya ƙara damƙe hannuna. Na ɗauka zai kife teburin, kuma wallahi na so ya kife shi. Bai yi ba. Ya bar hoton nan, muka fito. Sai da muka kusa gida ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Har da laifina. Da na aiko na tambaya."

Takalman ba su shige ni ba. Ya auna su ne da ƙafar da ya gani a hoto, ni kuwa ƙafar mahaifiyata na ɗauko, faffaɗa. Aka ba wata ɗiyar kawuna.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya. Watanni bayan nan, idan ƙawata ta wuce ƙofar gidanmu da tulu, sai in ga fuskar mahaifina ta fara buɗewa kafin ya tuna ya kama kansa. Ba ya sani yake yi. Ni kuwa da idona mai ganin komai, ko sau ɗaya bai wuce ni ba. Na daina yi wa yarinyar magana. Ba ta yi mini komai ba, ita ce ma ta raka ni ranar. Ta bi ni ta bi ni har ta gaji. Aka yi wa kawun nata darekta canjin wurin aiki suka tafi, ba mu yi sallama ba.

Mahaifina ya koyi fuskata daga baya. Mutumin kirki ne, ya tsaya mini har na gama karatu, mun zauna lafiya har Allah ya karɓi abinsa. Mahaifiyata na yafe mata tun tuni, abin da aka koya mata ta yi, kuma ta biya da abin da ya fi nawa. Ni dai da na haifi ɗiyata ta fari, na riƙa kwaɗa mata kira da sunanta tun daga ƙofar gida, har surukata ta ce ban da ta ido. Na ce na ji. Yanzu jikokina dariya suke mini, don ba a ɗaukar hoton biki ban tashi na jawo na gefe zuwa tsakiya ba, ko ban san su ba.

Mai hoton ma ina jin haushinsa, don ya san daidai, da hannunsa ya auna, da hannunsa kuma ya kwance. Amma darektan nan, Allah ya gafarta mini, har yau ban iya ba. Ba mugunta ya nufe ni da ita ba, bai ma san ina wurin ba, kuma abin da ke ƙona ni ke nan. A jawo tabarma gaba kaɗan aka ce masa.

Na taɓa tambayar wani malami game da addu'ar da mahaifina ya yi cikin ramin nan, da ni a ransa da fuskar wata a idonsa. Ya ce Allah ya san wadda ake nufi, ba ta ɓata ba. Na yarda. Ni dai na so a ce ni ya gani.